Hoton Renita a Ƙofar Kowa

Tun kafin a fara cirar auduga fuskar Renita Bynum ta cika garinmu. Ina za ka juya ba ka gan ta ba? Tana kafe a ciyawar ƙofar gidaje, tana manne a gilashin shagon aski, tana bakin gidan mai, ga kuma wani ƙaton allo a hanyar fita gari wanda haƙorinta ɗaya a jikinsa ya kai tafin hannun babban mutum. A ƙarƙashin kowane hoto magana guda ce aka rubuta: ku ce ee ga Dokar Renita.

Ubanta, Cleotis Bynum, daga gidansa zuwa kanti kawai sai ya wuce 'yarsa sau ba adadi. Tsohon direban motar 'yan makaranta ne. Rabin mutanen garin nan shi ya kai su aji ɗaya, kuma har ya ajiye aiki ba a taɓa jin ya taka ko kare ba. To yanzu ga shi yana tuƙa tsohuwar a-kori-kurarsa kai a sunkuye, ido a kan kwalta, don kada su haɗa ido da allo. Wata rana saura ƙiris ya kwashe akwatin wasiƙun wata tsohuwa a kwanar gidan waya. Matar ta fito da niyyar zagi, da ta ga ko wane ne sai ta haɗiye, ta ce Allah ya ƙara masa haƙuri. Shi kuwa da ta zage shi ɗin da ya fi jin daɗi.

Abin da ya faru kowa ya sani. Akwai wani mutum wanda Cleotis ba ya kama sunansa, ni ma ba zan ɓata bakina da shi ba. An tuhume shi da kashe wani a ƙofar gidan rawa, aka ba da belinsa. Yana waje yana jiran shari'a ya bi Renita, wadda ta daɗe da rabuwa da shi, har wurin ajiye motoci na gidan kula da tsofaffi inda take aiki, da rana tsaka. An binne ta kusa da uwarta Bernice. Mutumin yana tsare yanzu, shari'arsa kuma yau a ɗaga gobe a ɗaga. Daga nan ne 'yan majalisar jiha suka ce bari a tambayi jama'a: ranar zaɓe kowa ya faɗa ko ya yarda a gyara tsarin mulkin jiha, yadda alƙali zai iya hana beli ga duk wanda ake tuhuma da kisan kai, ya zauna a ciki har a yanke hukunci.

Wanda ya zo neman Cleotis a kan maganar shi ne Royce Tidwell, shugaban masu yaƙin neman a ce ee. Kada in ci haƙƙinsa, ba mugu ba ne. Ya cire hula tun daga matakala, ya zauna a bakin kujera, kuma hawayen da ya yi a falon nan na gaskiya ne. Ya ce doka ba ta shiga zuciyar mutane sai tana da suna da fuska. Ya ce da tun farko akwai wannan dokar, da yanzu Renita tana wurin aiki. Wace amsa uba zai bayar ga wannan? Cleotis ya tashi ya cire hoton da ke manne a ƙofar firji ya miƙa masa. A zatonsa zai tsaya a gaban jama'a sau ɗaya ko biyu ya faɗi abin da ke ransa, a bar shi ya koma gida.

Ashe shi ne zai zama baƙo a gidansa. Yau coci, gobe ɗakin taron 'yan kwana-kwana, jibi kasuwar baje kolin manoma a can ƙarshen jiha, gata karin kumallon 'yan kasuwa da ƙwai ya huce a faranti. Aka rubuta masa jawabi, ya karanta, ya karanta, har ya daina duba takarda. Ya san daidai inda mata za su fara laluben hankici a jaka, kamar yadda a da ya san inda zai tsaya ya ɗauki yara, har yakan ɗan dakata ya ba su lokaci. Ranar da ya kama kansa yana wannan dakatawar, kunya ta rufe shi, amma bai fasa ba, don washegari ma akwai taro.

Shi hoton nan, a bakin tafki aka ɗauke shi ranar wani taron dangi. Renita ta ɗaure kai da ɗankwalin uwarta, hannu ɗaya ta ɗaga wata ƙatuwar tarwaɗa da ta kama, ɗayan kuma gwangwanin giya ne, baki a buɗe tana yi wa mai ɗaukar hoton tsiya. Mutanen Tidwell suka yanke kifin, suka yanke gwangwanin, suka sa mata shuɗin sama a baya. Suka goge tabon da ke girarta, suka gyara fatar ta yi sumul. Sai ga wata yarinya mai sanyin ido tana murmushi, irin wadda ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ko'ina ya je sai a riƙe hannunsa a ce masa mala'ika ce.

Mala'ika! Yarinyar da ta taɓa bin wani mai gyaran mota da kasko har bakin titi? Renita akwai baki. Waƙa ba ta iya ba, amma duk coci ba mai ƙarfin muryarta, har mai kiɗa ya roƙe ta ta koma sahun baya. Ba ta taɓa shiga gidan ubanta da sallama irin ta mutane ba. Tun daga ƙofar shinge za ta ƙwala masa kira, Tsoho, me ke cikin firji, ta shigo ta cinye abin da ya ajiye wa gobe, sannan ta yi masa faɗa a kan hawan jininsa. Tsofaffin da take wa wanka a wurin aiki suna tsoronta suna kuma sonta. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da ya shiga jawabin.

Wata safiya Cleotis yana zaune a baranda da kofin kofi, ya rufe ido don ya ga 'yarsa kamar yadda ya saba. Sai ga ta allo ta zo, da shuɗin samanta da sumul ɗin fuskarta. Ya kore ta, ya sake gwadawa, ita ce dai. Ya ce to bari ya nemi muryar. Kalmomin suna nan, ya san ta ce Tsoho, ya san ta ce firji, amma sautin ya tafi, muryarsa ce kawai yake ji tana karanta jawabi. Har ya tambayi kansa shin tabon nan a girar dama yake ko ta hagu, ya rasa amsa. Ƙawayenta sun turo masa bidiyo a waya, ya kalla, amma wannan ma ai abin kallo ne. Shi wadda take zuwa masa da kanta yake nema, ba sai an danna wani abu ba. Mutumin can ya raba shi da ita sau ɗaya, yanzu kuma ga shi da bakinsa yana ƙarasa abin da ya rage. Tsoro ya kama shi sosai. Bai gaya wa kowa ba, don wa zai gaya wa?

Da can Eula Gatlin zai gaya wa. Ita ce aminiyar marigayiya Bernice, gidanta yana layin bayansu, kuma ita ta riƙe kicin ɗin coci ranar jana'izar Renita har aka wanke tukunyar ƙarshe. Amma duk layin nan ƙofar Eula ce kaɗai ba allo. Ciyawarta a yanke tsaf, furanninta a jere, ba hoto ba rubutu. A garinmu kuwa ba sai ka buɗe baki ba, ciyawar ƙofarka ita ke faɗin ra'ayinka.

Kuma ba wai Cleotis bai san dalili ba. Shekarun baya an kama ɗanta Lamont, aka ce shi ya harbe wani mai shago. Coci ta tashi tsaye, duk Asabar ana soya kifi ana sayarwa da burodin masara har aka haɗa kuɗin beli, kuma wanda ya tsaya a bakin kaskon nan mai yana fallatsa masa a hannu shi ne Cleotis. Lamont ya fito ya ci gaba da zuwa aiki, shari'a ta yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu, daga ƙarshe matar da ta ba da shaida ta ce ba shi ta gani ba, aka wanke shi. Yau yana tuƙa tirela, 'ya'yansa suna makaranta. Da a ciki ya yi wannan zaman, da ya fito ba aiki, ba gida, wataƙila ba mata. Cleotis ya san duk wannan sarai. Amma sani daban, ciwo daban. Kullum ya wuce ta ƙofarta sai ya ji kamar ta tofa masa yawu.

Sai suka koma gaisuwa daga nesa. Ita dai ba ta fasa aikinta ba: duk Lahadi bayan sujada za ta ajiye masa kwanon gasasshen dankali mai zaƙi a baranda ta tafi. Shi kuma ya cinye tas, don fushin bai kai ga ciki ba, ya wanke kwanon, ya lallaɓa ya ajiye mata a ƙofa lokacin da ya san ba ta nan. Haka tsofaffin nan biyu suka kwashe watanni, kwano ne kawai ke zumunci.

Ranar zaɓe ta zo da ɗumi, irin ɗumin nan na ƙarshen kaka da ke yaudarar mutum ya fita ba kwat. Tidwell ya riga ya shirya komai. Masu talabijin za su jira a wurin ajiye motoci na cocinmu, inda ake kaɗa ƙuri'a, Cleotis ya shiga ya fito, ya faɗi 'yan kalmomi na ƙarshe. Har sabuwar riga ya aiko masa, mai hoton allo da ƙaton EE a baya. Cleotis ya bar ta a ledarta a kan tebur, ya buɗe durowa ya ɗauko tasa.

Mu a nan idan matashi ya mutu, dangi sukan buga hotonsa a jikin farar riga mai gajeren hannu, da ranar haihuwa da ranar rasuwa, kowa ya sa a wurin cin abincin jana'iza. Bayan nan ana ajiye ta, a fito da ita ranar haihuwar mamacin ko ranar da ya cika shekara, ko duk ranar da mutum ya ji yana son ya tafi da shi wani wuri. Ta Cleotis tana ɗauke da ainihin hoton, da kifin da gwangwanin da komai, sai fukafukai biyu da mai shagon bugawa ya ƙara da kansa ba wanda ya sa shi. Ta sha wanki har fuskar ta dushe, tabon girar ma ya ɓace a cikin tsagewar fenti. Duk da haka ita ya zura. A ransa ya ce yau dai da tasa 'yar zai je, ba da tasu ba.

A wajen coci an shata iyaka da jan ƙyalle, wadda doka ta ce mai kamfe ba ya ƙetarewa. A bayan ƙyallen alluna ne sun yi sahu, masu cewa ee da masu cewa a'a, kowa da kujerarsa ta naɗewa da robar shayi mai ƙanƙara. Cleotis ya ratsa su ya shiga ɗakin taro. Ɗakin ne dai da aka ci abincin jana'izar, tebura ɗaya, ƙamshin man goge ƙasa ɗaya. Mutanen da ke layi suka yi ta gaishe shi da wannan sassanyar muryar da aka ware masa tun bara, wasu suna ce masa ya wuce gaba. Ya ce a'a, zai bi layi.

Shugabar masu aikin zaɓe a rumfarmu kuwa Eula Gatlin ce, tun ban san shekarun ba. Tana zaune a teburin farko da tabarau mai sarƙa. Ta ɗago ta gan shi, ta ga rigar, sai ta cire tabaran ta bar shi ya faɗi a ƙirjinta. Ta dafa tebur ta miƙe, ta zagayo.

"Ɗan'uwa Cleotis, zo mu koma gefe."

Ta kai shi wajen tsohon piyano, ta yi ƙasa da murya. Ta ce ya san doka, ba a shigowa ɗakin nan da wani abu na kamfe, ko hula ko bajo ko riga. Ta ce da wannan rigar ba za ta iya ba shi takardar ƙuri'a ba.

"Wannan ba kamfe ba ne, Eula. 'Yata ce."

"Na san 'yarka ce. Ni na riƙe mata tawul ranar da aka yi mata baftisma. Amma leƙa taga ka gani."

Bai leƙa ba, ya san abin da ke wajen. Ya kama gaban rigar ya ja, yana nuna mata da yatsa: ga kifin, ga gwangwanin, ina ta ga ee a nan, ina ta ga a'a? Wannan an buga ta tun kafin a haifi wata doka, ita ma Eula tana da irinta a gida. Eula ta ce tana da ita, kuma ta san bambancin, amma mutumin da ke bayansa a layi fuska kawai zai gani. Ta ce tun safe ta mayar da maza biyu masu hoton nan, ta kuma sa wata mata ta cire bajon a'a, matar da ra'ayinsu ɗaya. In ta bar shi, da wane ido za ta kalle su?

Wani Otha Weems, wanda ba a taɓa yin magana a garin nan bai sa baki ba, ya ɗaga murya daga layi ya ce haba 'Yar'uwa Eula, a bar bawan Allah mana, ai ya sha wuya. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce masa ya ji da katin shaidarsa, in dai bai sake barinsa a wandon jiya ba kamar wancan zaɓen. Aka ɗan yi dariya, Otha ya shiga laluben aljihu.

Cleotis bai yi dariya ba. Abin da ya daɗe yana cinsa ya taso masa.

"Kin daɗe kina jiran wannan ranar. A ƙofarki kin hana ta tsayawa, yanzu nan ma ki kore ta. Da Lamont ne a jikin rigar nan fa?"

Eula ta dube shi, idonta ya kaɗa, amma muryarta ba ta motsa ba. "Da Lamont ne, da haka zan gaya wa kaina, in je gida in yi kukana. Ban kafa ta a ƙofata ba don ba zan iya ganin yarinyar da na goya tana tsaye a rana da ruwan sama kamar tallan katifa ba, ban da abin da ka sani na ɗana. Ba ni na mayar da ita allo ba, Cleotis."

Maganar ta shige shi. Ya buɗe baki ya nemi fushin da ya shigo da shi, sai ya tarar babu, gajiya ce kawai ta rage. Ya dafa piyanon. Eula ta ce akwai rigunan mawaƙa a rataye a kabad, zai iya ɗora ɗaya a kai. Ko ya je gida ya canza, za ta riƙe masa wurinsa. Ko kuma ya yi abin da kowa ke yi, ya shiga bayi ya juya rigar ciki ya koma waje.

Rigar mawaƙa dai ba zai sa ba, ya fito kamar wanda zai rera waƙar makoki. Gida kuwa in ya koma ya san ba zai dawo ba. Sai ya nufi bayin maza, mutane suna kawar da kai kamar ba su ji komai ba, alhali kowa ya ji.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, da bokiti da sandar goge-goge a lungu. Ya sa sakata. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi: ya cire rigar ya tsaya a gaban madubi, ya ga tsohon ƙirji da furfura a kai da kafaɗun da suka rame bai sani ba. Ya zura hannu cikin rigar ya jawo, fuskar ta shige ciki, kifin ya bi ta, fukafukan suka bi. Ya ji kamar ya sake rufe mata akwati. Ya ce, "Ki yafe mini, yarinya," ya zura kai.

A madubi farar riga ce kawai, ɗinki a waje, ba kowa a jikinta. Rabon da ya ga kansa shi kaɗai haka har ya manta.

Fentin da ake buga hoton da shi kamar roba yake. Da farko ya ji sanyinsa a fata, har ya ɗan zabura. Can sai ya ɗauki ɗumin jikinsa, ya manne masa a tsakiyar ƙirji, ɗan faɗin tafin hannu biyu, da ɗan danshi. Cleotis ya tsaya cak. Ya san wannan mannewar.

Lokacin da Renita take jaririya, Bernice aikin safe take yi a kamfanin yanka kaji. Shi kuma tsakanin kai yara makaranta da ɗauko su yana da tsakar rana a gida. Yarinyar ba ta yarda da gado. Sai ya cire riga ya kwanta a doguwar kujera, fanka tana ta ƙara a banza, ya ɗora ta a ƙirji. Nan take barci, gumi yana haɗa kuncinta da fatarsa, in ya zo ɗaga ta sai ya ɓamɓare ta a hankali, ta tashi da shatin gashin ƙirjinsa a fuska tana hararar duniya. Daidai wurin ne, ba sama ba ƙasa.

Daga wannan hararar sauran suka biyo, ba tare da ya kira su ba. Ga ta tana 'yar makaranta ta diro daga bayan a-kori-kura tun bai tsaya ba, jini yana zuba daga girar hagu, ta hagu ce, tana rantsuwa motar ce ta ture ta. Ga ta ta girma tana tsaye a ƙofar firji, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, baki cike da kaza. Fuskar tana motsi, hanci yana buɗewa, ba shuɗin sama ba sumul. Sai ta juyo ta kalle shi sama da ƙasa, ya kuwa ji ta da kunnensa, da wannan muryar mai kama da an ja tebur a siminti: Tsoho, wannan wace irin shiga ce? Rigarka a juye take, a haka za ka fita ka ba ni kunya?

Dariya ta kufce masa, kuka ya biyo ta, ya riƙe bakin famfo da hannu biyu har suka wuce. Ya daɗe a ciki. Ba wanda ya ƙwanƙwasa, don Eula ta ja kujera ta zauna a bakin hanyar, duk wanda ya nufo sai ta ce masa bayin ya lalace.

Da ya fito ta ba shi takardar ƙuri'arsa. Ya shiga bayan ɗan shingen da ake zaɓe a ciki, ya bi sunayen 'yan takara, ya juya bayan takardar inda tambayar take. Ya karanta da yatsa, layi bayan layi, yaren lauyoyi ne tsantsa, sashe kaza na tsarin mulki, tuhuma, hujja, alƙali. Ya sake karantawa yana neman sunanta. Babu. Duk watannin nan na Dokar Renita, a takardar lamba ce kawai aka ba ta. Ya ɗauka abin zai yi masa zafi, sai ya ji sauƙi ne ya sauko masa.

Ya tuna da Lamont da kaskon kifi, ya tuna da wurin ajiye motocin nan da rana tsaka. Alƙalamin ya yi masa nauyi. Ya cike gurbin ee, don abin da ya yi alkawari ke nan a bakin kabari, kuma har yanzu yana ganin da dokar tana nan da ba a taɓa masa 'ya ba. Bai ji ya ci wani yaƙi ba. Ya kai takardar ya zura a na'ura, ta haɗiye.

A bakin ƙofa Eula ce ke riƙe da 'yan takardun mannawa da ake ba wanda ya yi zaɓe. Ta ɓare ɗaya ta miƙo hannu za ta manna masa a ƙirji kamar kowa, sai ya tare wurin da tafinsa. Ta dube shi, ta dubi hannun, ta manna masa a kafaɗa. Ba ta tambaye shi abin da ya zaɓa ba, ta sani. Da ƙyar ya ce kwanonta na wancan makon yana nan a gidansa.

"To ka kawo da hannunka ka ƙwanƙwasa," in ji ta. "Ka daina ajiye mini a ƙofa kamar ɓarawon da ya tuba."

Yana ƙetare jan ƙyallen Tidwell ya taso da sauri, mai kyamara da wata mai riƙe da makirufo suna biye da shi. Ya riga ya ji labari, kuma a ganinsa abin ya faɗo daidai. Ya ce abin da aka yi masa a ciki cin fuska ne, a hana uba shiga da hoton 'yarsa, dole jiha ta ji wannan kafin a rufe rumfuna. Ya ce Mista Bynum ya juya rigar nan take a gaban kyamara, mutane su ga fuskar da aka ce a ɓoye, sannan ya faɗi abin da ya faru.

Cleotis ya dubi allunan da ke bayansa. Wata yarinya ce kyakkyawa mai sanyin ido, Allah ya jiƙanta, amma shi bai san ta ba.

"Ba wanda ya ci mini fuska," in ji shi. "Matar aikinta ta yi."

"To ko rigar dai ka juya, yallaɓai. Minti biyu kawai. Yau ce ranar ƙarshe, don Renita."

"Na ba ku hotonta, na ba ku bakina, yanzu na ba ku ƙuri'ata. Wannan kuma ku bar mini."

Tidwell ya sake buɗe baki, amma tsohon ya riga ya wuce. Ya shiga a-kori-kurarsa da rigarsa a juye, ɗinki a waje, 'yar takardar kamfani ta wuyan rigar tana lilo a ƙeya. Ya bi ta gaban shagon aski da gidan mai da kwanar gidan waya, kansa a ɗage, idonsa a kan hanya. Hannu ɗaya yana kan sitiyari, ɗayan a dafe da ƙirji, yana kauce wa ramuka a hankali, yadda ake tuƙi in yaro ya yi barci a mota.